Tsamiyar Tela

"Baba ya ce ka kawo masa tsamiyarka ya gani."

Tela na tsakiyar yanka wuyan riga maganar ta same shi, saura ƙiris almakashin ya zarce har hammata. Ya ɗago kai. 'Yar maƙwabcinsa ce tsaye a bakin shago da ledar magani a hannu, idanunta duk sun faɗa saboda jinya.

"Tsamiya?"

"Wadda ya ba ka a gwangwani. Tun da aka sallamo mu daga asibiti ba shi da zance sai nata. Wai ta kowa an nuna masa a waya, taka ce kaɗai bai gani ba, alhali katanga ɗaya ce tsakaninku."

"Af, tsamiya! Ai tana nan garau," in ji Tela, bakinsa ya riga hankalinsa. "Ki ce masa gobe in Allah ya kai mu."

Ta yi ɗan murmushin gajiya. "Yaya, goben mutane ko goben teloli?"

"Haba ƙanwata, har da ke?"

"Ni dai na isar da saƙo. Likita bai ba mu gobe da yawa ba."

Tana juya baya ya ajiye almakashi, ya ɗaga labulen ƙofar baya, ya leƙa lungun da yake zubar da ƙyallaye. Gwangwanin na nan inda ya bar shi, cike da toka har baki. A tsakiyar tokar wani ɗan tsinke baƙi ne tsaye, ko tsintsiya ba za ta karɓe shi ba. Ya taɓa shi da yatsa, ya karye.

Baba Mai Gwangwani, haka duk layin ke kiran tsohon, shi ma ya amsa sunan tun tuni. Ma'aikacin gidan ruwa ne a da. Da ya yi ritaya, maimakon ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya rungumi rediyo kamar sa'o'insa, sai ya ɗora wa kansa tafkin da ke bayan unguwa, wanda mutane suka mayar juji. Shi da wasu malaman makaranta suka kafa ƙungiyar kare tafkin. Su kwashe leda, su tare masu tifa kada su zuba ɓaraguzai, su dasa itatuwa a gefe don tsuntsaye su dawo. Aikin Baba a ciki shi ne nemo sababbin 'yan ƙungiya, kuma wallahi ba a taɓa yin mai naci irinsa ba. In aka hango shi daga farkon layi da jakarsa tana ƙwaram-ƙwaram, mai aski sai ya tuna yana da waya, mai shagon magani ya duƙa bayan kanta yana neman abin da bai faɗi ba.

Ƙungiyar ba ta da kati, ba ta da rajista. Baba zai miƙa maka gwangwanin madara da ya huda wa gindi ya zagaye da shuɗin fenti, a ciki ɗan tsiron da ya shuka da hannunsa. Kai za ka raine shi a gidanka tsawon rani. In damina ta faɗi ka kai shi bakin tafki ka dasa da hannunka, to a ranar ka zama ɗan ƙungiya. "Ni ba suna nake tarawa ba," ya kan ce. "Wanda zai tuna akwai abin da ke jin ƙishirwa a bayan ƙofarsa, shi nake nema."

Shekara da shekaru Tela na ce masa gobe. Bana dai, a tsakiyar ɗinkin kayan makaranta, iyaye sun cika shago kowa na zazzaga masa masifa, Baba ya zo ya tsaya masa a kai da gwangwani. Tela ya karɓa don kawai ya samu iska. Ba za a yi masa ƙarya ba, ya ba ta ruwa a farkon kwanakin. Sai aka ɗauke wuta aka daɗe ba a kawo ba, ya koma wa dutsen guga na gawayi. In ya gama guga sai ya ɗaga labule ya juye garwashin waje ba tare da ya duba ba. Ranar da ya duba, aikin gama ya gama.

Mutuwar tsamiyar ba ita ce babbar matsalar ba. Matsalar ita ce kullum da safe Baba zai wuce ya ɗaga murya, "Tela, ina tsamiya?" shi kuwa ya amsa ko ƙafarsa bai ɗauke daga keken ɗinki ba, "Tana gaishe ka, Baba!" Haka ta yi ta gaishe shi watanni, tana cikin toka.

Da ya shiga gida cin abincin rana ya faɗa wa matarsa. Ta ajiye ludayi ta dube shi sama da ƙasa.

"To, Maigida, sai ka je ka ce masa ta mutu. Ka ba shi haƙuri, ya ba ka wata."

"Mutumin da ke kwance? Ke kina da imani kuwa?"

"Imanin ne ya sa ka dafa masa ita da garwashi?"

"Ke dai ba a shawara da ke."

"Ai ba shawara ka zo nema ba, abokin ƙarya ka zo nema. Ni kam ba ni ciki."

Da yamma ya saka gwangwanin a baƙar leda kamar wanda ya ɗauko kayan sata, ya hau mota zuwa wajen masu sayar da fulawa a bakin babban titi. Mai fulawar ya yi dariya da ya ji abin da ake nema.

"Tsamiya? Wa ke dasa tsamiya yanzu? Sai jikanka ya sha inuwarta. Amma ga 'yar'uwarta nan." Ya jawo wani dashe mai ƙananan ganye jere-jere. "Dubi ganyen, ka ga bambanci? Shinge ake yi da ita. Ba ta neman ruwa, ba ta neman taki, ko ka so ta mutu ba ta mutuwa."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta saye Tela. Ya san ba tsamiya ba ce, an faɗa masa da baki. Amma ya ce a ransa ai idon tsoho ne, kuma idon majinyaci. Mai fulawar ya kwashe tokar sama da hannu, ya cusa dashen, ya danna, ya yayyafa ruwa. Shuɗin fentin ya fito ras kamar ranar farko.

Washegari, abin mamaki, goben Tela ta zama gobe. Ya yi sallama gidan Baba da gwangwani a hannu biyu.

Ya daɗe bai shiga ɗakin ba. An jawo gadon jikin taga. Bango guda kuwa gwangwanaye ne wankakku an jera su bisa juna, na madara da na tumatir, wasu an yi musu fenti wasu suna jira. Tsohuwar hular aikinsa na rataye a ƙusa. A kan ɗan teburi ga kofin ruwa, ga magunguna, ga ƙusar da yake huda gwangwani da ita. Baban kuwa ya zube, ya koma kamar rabin kansa, ƙafafunsa ne kaɗai suka cika suka yi sumul a kan matashi.

"Maƙwabci! Yau ruwan sama za a yi," ya ce da 'yar muryarsa. "Kawo ta nan, kawo ta."

Tela ya ɗora masa gwangwanin a ƙirji. Baba bai ma tsaya kallo ba, yatsunsa ya sa. Ya shafa ganyen, ya bi karan a hankali daga sama zuwa ƙasa. Sai yatsan ya tsaya cak. Ya ɗaga shi ya duba, ya goge a jikin zanen gado. Ya matso da gwangwanin hancinsa ya shinshina ƙasar. Daga nan ya ɗago ido ya dubi Tela, ya ɗan jima yana dubansa.



"Ta yi saurin girma," in ji Baba.

"Ai kulawa ce, Baba."

Kai, Tela! Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya shige, amma bakin nan nasa ya saba, ba ya jiran izini.

"Kulawa ce," Baba ya maimaita a hankali. Ya yi tari, 'yarsa ta leƙo, ya ɗaga mata hannu ta koma. "Ka san abin da ke ci mini rai a ƙungiyar nan? Na shigar da mutanen ƙetaren titi, na shigar da direbobi, har wani ɗan sanda na shigar. Amma duk ranar taro in na tashi ina cika baki, sai an samu wani ya ce, to Baba, maƙwabcinka fa? Sai in zauna. Bana na ce musu ku jira damina."

"In sha Allahu, Baba."

"Bar mini ita nan a taga. In na buɗe ido in ganta."

Tela ya fito yana sauke ajiyar zuciya. Ya ce wa matarsa, "Kin gani? Har daɗi ya ji." Ta ce, "Uhum," ta ci gaba da tsince shinkafarta. Shi ma a ransa bai ji daɗin ba. Tsayawar yatsan nan ta tsaya masa a rai, har ya ɗinka aljihun wani wando a juye.

Ranar Asabar ya je dubiya da rana, ya tarar da takalma a bakin ɗaki, duk taɓo. 'Yan ƙungiya ne sun biyo daga aikin tafki. Yana shirin sallama ya ji muryar mace ta tashi. Sakatariyar ƙungiyar ce, wata malamar kimiyya mai tsawo wadda ba ta iya magana a hankali ba.

"Innalillahi! Baba, me zan gani haka? Baƙuwar bishiyar nan mai ƙaya a tagarka?"

Tela ya tsaya a bayan labule.

"Dubi hannuwana!" ta ci gaba. "Tun safe muke saran ta a bakin tafki. Ƙayarta ta huda mini takalmi har tafin ƙafa. Ta kashe mana dashen bara na gefen gabas kaf, ta shanye ruwa, tsuntsu ko sheƙa ba ya yi a kanta. Kai ne fa ka ce ko a mafarki ka ganta sai ka tumɓuke. Wane mara tsoron Allah ne ya kawo maka ita, kuma a cikin gwangwaninmu?"

 Sai a lokacin Tela ya gane. Ashe ba tsamiyar ƙarya kawai ya kai wa tsohon ba. Abin da ya ƙare ƙarfinsa yana yaƙa, shi ya ɗora masa a ƙirji, ya ce kulawa ce.

"Malama, rage murya, gidan mara lafiya ne," Baba ya ce, har da 'yar dariya. "Ni na sa aka kawo mini. Shekaru ina saran ta, ban taɓa zama na kalle ta ba. Yanzu da ba ni da aikin yi, bari mu san juna."

"Baba, kai dai da abin dariya kake."

"Ki bar ta. Ajiya ce."

Tela bai yi sallamar ba. Ya ɗauki takalmansa a hannu ya fice kamar ɓarawo.

Ya shiga shago ya zauna a gaban keke, bai taka ba. Kunya ce ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba, shi da aka zaga a gaban jama'a a kan ɗinki ba sau ɗaya ba, ya kuma kwana lafiya. Da Baba ya zage shi, da ya fi masa sauƙi. Ya san yadda ake yi da zagi. Rufin asiri ne bai san inda zai ajiye shi ba.

Matarsa ta kawo masa ruwa ta same shi a haka. Da ya faɗa mata, wannan karon ba ta yi masa ba'a ba.

"Tashi ka je yanzu," ta ce. "Sun tafi, na ga fitarsu."

"Da wace fuskar?"

"Da wadda ka kai ƙaryar."

"Ba zan je hannu rabbana ba. Bari in samo tsamiya ta gaskiya tukuna, in kai masa, sannan in faɗa masa komai. Gobe."

"Maigida."

"Na ce gobe!"

Ta ɗauki kofinta ta fita.

Goben ta zo da wata mai ɗinkin biki da ta zauna masa a shago ta rantse ba za ta tashi ba sai da kayanta. Jibi ya zaga masu fulawa har wuri uku, babu tsamiya, kowa baƙuwar nan yake miƙo masa. A kwanakin ya daina bi ta ƙofar gidan Baba, sai ya zagaya ta bayan layi. Amma katanga ba ta ɓoye tari. Yana taka keke yana jin tarin tsohon, in ya yi tsanani sai ya ƙara wa keken gudu.

Sau ɗaya 'yar Baba ta leƙo. "Yaya, ya ce kwana biyu ka ɓuya."

"Aiki ne ya sha mini kai, ƙanwata. Ina nan zuwa."

Ba ta ce komai a kan gobe ba, ta tafi.

A ƙarshe dabara ta faɗo masa. Tun da su 'yan ƙungiya ke renon itatuwa, ai a bakin tafki za a samu. Da safe ya bar wayarsa a caji a kan keke, ya ja ƙofar shago, ya bi hanyar da Baba ya yi shekaru yana roƙonsa ya bi.

Shi a saninsa tafkin juji ne, tun yana saurayi rabonsa da wurin. Da ya wuce gidajen ƙarshe ya gangara, sai ya tsaya. Ruwa ne shimfiɗe, fes, babu leda ko ɗaya a bakinsa. Balbelu sun yi fari a kan itatuwan ƙetare, ga zalɓe tsaye a ƙafa ɗaya ko motsi ba ya yi, agwagin ruwa na jan 'ya'yansu a layi. A gefen da yake tsaye ƙananan itatuwa ne jere, wasu sun kai ƙugu, wasu sun fi shi tsawo. Kowace an kafa mata sanda, an kifa gwangwanin da ta fito ciki a kan sandar. In iska ta kaɗa sai gwangwanayen su yi 'yar ƙara, irin ƙarar jakar Baba.

"Wa nake gani kamar Tela?"

Sakatariya ce, da adda a hannu da safar hannu mai kauri, ga tarin baƙuwar da ta sare a bayanta.

"Malama, ina kwana. Dashen tsamiya nake nema, ko kuna da shi."

"Taka fa? Baba ya ce taka ta fi ta kowa."

Tela ya sunkuyar da kai. "Ta wani ce."

"Ai ba ma ajiye dashe a nan. Duk a hannun Baba iri yake, shi ke shukawa, shi ke rabawa. Ka ce wa mai so ya yi haƙuri." Ta share gumi da bayan hannu. "Amma tun da Allah ya kawo ka, zo ka ga wurinka."

"Wurina?"

Ta kai shi can gaba, inda wata tsamiya babba ta fara yin inuwa, gwangwanin kan sandarta ya yi tsatsa har fentin ya ɓace. "Wannan ta Baba ce, ita ce ta farko." Ta nuna gefenta. An bar fili, an kewaye shi da ƙananan duwatsu, an kafa sanda babu komai a kanta. Ciyawa ta fito a ciki an nome, ta sake fitowa. "Nan ya hana kowa. Ba bana ba, tun shekarun baya. Mun yi faɗa da shi a kai, na ce Baba wuri mai kyau haka ka bar shi a banza? Ya ce na maƙwabcinsa ne, wai a gida katanga ɗaya kuke, a nan ma haka za a yi."

Tela bai san abin da ya ce mata ba. Ya dai tuna ya juya, ya fara tafiya, daga baya ya koma sassarfa, takalminsa ɗaya na fita yana mayarwa. Babu tsamiya a hannunsa, kuma bai damu ba. Zai shiga ɗakin nan ya durƙusa ya ce, Baba, na kashe ta da garwashi tun farkon rani, na yi maka ƙarya kullum safiya, na kawo maka ƙaya. Duk hanya yana maimaitawa kada bakinsa ya sake riga shi.

Yana shiga layi ya ga mai aski ya rufe shago da rana tsaka. Mai shagon magani na fito da benci. A ƙofar gidan Baba mutane na tsaitsaye, ba mai ɗaga murya.

Matarsa ce ta tare shi, idanunta jawur.

"Ina ka shiga? Na kira ka har na gaji, sai na ji wayar na kuka a cikin shago."

"Yaushe?"

"Ba a daɗe ba. Ya yi ta tambayarka. Ya ce a kira masa Tela. Na je na buga shago, na zaga baya." Muryarta ta karye. "Ina ka je ne?"

"Tafki," ya ce.



An yi duk abin da ake yi. Tela ya ɗauki benci, ya yi jigilar ruwa, ya tsaya inda maƙwabci ke tsayawa. Jama'ar da ta zo ta ba kowa mamaki, direbobi, malamai, mata daga ƙetaren titi, har da ɗan sandan. Duk wanda ya ji an ce wannan ne Tela sai ya kama hannunsa ya riƙe. "Kai ne maƙwabcin? Allah ya jiƙan Baba, kullum zancenka yake. Bana da kai za mu yi dashe." Shi kuwa sai ya ce amin, kowane amin na sauka masa kamar dutse a ciki.

Bayan an watse, gida ya yi shiru, 'yar Baba ta yi sallama a shago wata safiya. Gwangwanin ne a hannunta, mai shuɗin fenti. Babu baƙuwa a ciki, babu komai, sai baƙar ƙasa mai danshi an shafe samanta sumul.

"Ya ce in ba ka ajiyarka."

Tela ya miƙe. Ya kasa miƙa hannu.

"Ina... ina itacen?"

"Ya cire. Ranar da 'yan ƙungiya suka zo, suna fita ya ce in taimaka masa ya zauna. Da hannunsa ya tumɓuke, har ta soke shi, ya ce in sa a murhu kada in jefa a bola. Sai ya sa na zubar da ƙasar na wanke gwangwanin, wai toka ta yi mata yawa. Na ɗebo masa sabuwa a bayan gida, na jawo masa ledarsa ta ƙarƙashin gado. Sauran shi ya yi, ni na fita ɗora ruwa."

Toka. Har tokar ya sani. Tela ya dafa teburin yanka.

"Ƙanwata, da aka ce yana nemana, me zai faɗa mini?"

"Ban sani ba, Yaya. Da ya ga ba ka zo ba sai ya ce ba komai, wai ƙila aiki ne ya sha maka kai. Ya ce in ce maka ka riƙa ba ta ruwa."

"Ba ta ruwa? Ai babu komai a ciki."

"Ni ma haka na ce. Ya ce in dai faɗa maka." Ta ajiye gwangwanin a gefen keke. "Kullum rabin ruwan maganinsa a ciki yake juyewa, ina yi masa faɗa."

Ta tafi. Tela ya zauna, ya jawo wani ƙyalle ya rufe fuskarsa da shi, ya yi kukan da bai yi a ranar rasuwar ba. Wani ya zo karɓar ɗinki ya leƙo, ya koma da baya.

A ranar ya fitar da dutsen guga da buhun gawayi daga shagon gaba ɗaya, ya kai su can cikin gida. Gwangwanin ya ɗora shi a bakin taga, dab da keke, inda rana ke shigowa da hantsi. Kullum in ya buɗe shago, kafin ya zare zare, sai ya tsiyaya masa ruwa da murfin buta. Ƙasa dai ƙasa ce, ba ta ce komai ba. Mai aski ya yi masa ba'a wai Tela ya fara kiwon gwangwani. Shi dai ya ci gaba da ba shi ruwa. Wani lokaci ya kan ce a ransa ƙila tsohon bai shuka komai ba, ƙila hukuncinsa ke nan, ya yi ta shayar da ƙasa, kuma ya ga bai fi ƙarfin hakan ba.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma yana watsewa. Ta bayan katanga babu tari, sai ƙarar 'yar Baba tana tattara gwangwanaye a buhu za ta kai wa Sakatariya.

Wata safiya ya buɗe shago, ya ɗauko murfin buta, ya sunkuya. Ƙasar ta tsage a tsakiya. Wani ɗan kore ya turo kai a lanƙwashe, siriri kamar zaren da aka ninka, ɓawon ƙwallon tsamiya na maƙale a kansa bai gama faɗuwa ba. Tela ya kai yatsa zai cire masa, sai ya fasa. Ya tsiyaya ruwan a gefe, a hankali, ya ɗan juya gwangwanin ya fuskanci rana.